Ƙwaron Tafkinmu, Ɗan Gida ne ko Baƙo?

Assalamu alaikum, mai gabatar da shirinmu na rediyo, ma'abocin murya mai sanyaya zukata. Daga ƙasar Roni nake aiko da kukana.

Bara na dawo daga aikin mai a Fatakwal da 'ya'yan tarwaɗa cikin duro, na zuba a tafkin garinmu domin kowa ya amfana. Da damina ta kankama, sai wani ƙwaro ya bayyana a ruwan. Tsawonsa ya kai yatsa, launinsa na busasshen ganye, hannuwansa kamar awartaki, har kwaɗi yake kamawa. Limaminmu ya tsaya alwala a bakin tafkin, ƙwaron ya cije shi a ƙafa. Da Liman ya gan ni, ya dube ni ya ce, "Malam Sabo, wasu goro suke kawo mana tsaraba, kai kuwa kunamar ruwa!"

Yanzu mata sun ƙaurace wa tafkin, maza sun ƙaurace mini. Bakina da ya saba tsara baiti ya kasa kare ni, domin ni kaina ban san gaskiyar ba.

Dattawan Kazaure, Ɓaɓura da Gwiwa, don girman Allah, mene ne sunansa? Kun san shi a fadamunku tun kuna yara? Ko mutum ɗaya ya shaida, zan iya ɗaga kai ranar Juma'a.