Intanet ɗin Kwanar Dangora ya sa an kore ni daga aji

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Malam Isiyaku ne daga Yako. Na tsufa, ƙafa ta ƙi, kuma ni kaɗai ne a gida. Abokan hirata su ne 'yan ajinmu na Larabci a wata manhajar karatu ta waya.

Ranar da na je Kwanar Dangora sayen magani, wayata ta nuna intanet na kyauta. Na ɗauka wani bawan Allah ne ya ajiye sadaka, kamar randar bakin hanya. Har addu'a na yi masa, na shiga darasina. Ashe wasu ƙasƙantattun ɓarayi ne. Suka kwashe lambar sirrina, suka tura hotunan banza cikin aji da sunana. Malaminmu ya cire ni.

Su kuma masu manhajar, wai masana! Akwatin katakon da na je makaranta da shi ma yana da kwaɗo, amma manhajarsu a buɗe take. Na kai musu kuka, na'ura ta amsa mini, "Mun gode."

Jama'a, ku ba ni shawara. Malam, in kana saurare, wallahi ba ni ba ne. Ka mayar da ni aji.