Firintar da Ta Ƙi Aiki

A tashar Rano ana jiran motar Kano ta cika. Malam Zulkifilu, malamin sakandare, yana zaune rungume da kwali, sai matar da ke gefensa ta leƙa.

"Malam, firinta ce ka rungume haka kamar jariri?"

"Mayar da ita zan yi shagon da na saye ta a Kano, Hajiya. Manhajar Linux muka sa wa kwamfutocin makarantarmu saboda bairos ya dame mu, ita kuma ta ƙi aiki da shi. Ga jarrabawa ranar Litinin, ko shafi ɗaya ban buga ba."

"Ba ka gwada ta a shagon ba?"

"Mai shagon ya rantse min za ta yi."

"Ni ma Linux ɗin nake amfani da shi a shagona na buga takardu a Kibiya. Ba na sayen komai sai na je da faifan Linux ɗina. Sai sun tayar da kwamfutarsu da shi, an jona firintar, na ga takarda ta fito da idona. In ta ƙi, a kawo wata."

Zulkifilu ya gyara zama. "Lallai kin san sana'arki. Kuma suna yarda?"

"Suna tsaki, amma suna yarda. Ungo faifan, ka aiko min da shi daga baya. A wajen wa ka saya?"

"Wani Uzairu, dogo, mai fara'a."

Ta girgiza kai tana dariya. "Ƙanena ne. A kansa na koyi gwadawa. Ka ce masa Yaya Juwairiyya ta ce ya canja maka yau."