Jan Zaren da Na Kwance daga Allon Gwaggo

Assalamu alaikum. Ina gaida shugaban cibiyar bincike, da malamai abokan aikin marigayiya Gwaggo, da ɗalibanta. Ina gaida Kaka, da Baffa, da Abba da Umma. Ku yi haƙuri idan na yi kuskure. Bana na shiga sakandare, ban taɓa tsayawa gaban mutane da yawa haka ba. An zaɓe ni ne don na fi kowa zama a ɗakinta.

Gwaggo ta kasance mai binciken tsirrai masu fure. Mu a gida ba mu gane aikin ba. Baffa yakan tsokane ta, wai shekara ashirin tana karatun fure amma ko tumatir ɗaya ba ta taɓa kawo mana ba. Ita kuma ta ce ai shi ma shekara ashirin yana gyaran mota, kuma har yau a ƙafa yake zuwa gaida Kaka.

Ta kasance mai haƙurin bayani. Mu yaran layinmu ba ta taɓa korar mu don mun cika tambaya ba. Ta ce mana a cikin kowane tsiro akwai ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, sunansu furotin. Babu mai aiki shi kaɗai, sai ya riƙe hannun wani. Wani lokaci ma'aikaci ɗaya yakan zama biyu, kamar tagwaye. Bayan zuriya da yawa sai ɗayan ya saki tsofaffin abokai ya kama sababbi. Abin da take bi ke nan, wa ya saki wa, wa ya kama wa, har furanni suka bambanta.

Ta kasance ba ta natsuwa da abu sai hannunta ya taɓa shi. Shi ya sa ta kafa babban allon katako a bangon ɗakinta. Kowace ƙusa furotin ɗaya ce, kowane zare riƙon hannu ne. Ja tsohuwar abota, shuɗi sabuwa. Ɗalibanta sun san wannan, sun sha ɗaukar hotonsa. Abin da ba ya fita a hoto shi ne ƙulli. Ƙulli ɗaya a gindin ƙusa, zato take yi. Ƙulli biyu, ta gwada ta tabbatar. Sai an shafa da yatsa ake ganewa. Da hannunta ya fara rawa bara, ni nake ɗaura mata, har take kirana Sarkin Ƙulli. Abubuwan da ta gano a watannin ƙarshe ba ta kai ga rubuta su ba. A allon kawai suke.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Baffa, na ji ka ce mai fenti zai zo ranar Asabar, a sauke allon, Kaka ta koma ɗakin tunda a ƙasa yake, saboda matakala tana wahalar da gwiwarta. Gaskiya ne, Kaka tana shan wuya. Amma idan aka zare ƙusoshin nan, shi ke nan. Don Allah a ba mu mako biyu. Kaka, ni zan riƙa riƙe ki a matakalar, safe da yamma.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Gwaggo tana asibiti, wata safiya maɓallin rigar makarantata ya ɓalle, ga shi na makara, ban sami zare ba. Sai na kwance ja ɗaya daga gefen allon, na ce in na dawo zan mayar da wani. Da na dawo, na manta ƙusoshin da ya haɗa. Sau uku ina zuwa asibiti da niyyar faɗa mata. Zuwana na ƙarshe ta tambaye ni, "Sarkin Ƙulli, allona lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo."

Ga ragowar zaren a hannuna. Na tuna ƙulli biyu na kwance, wato abu ne da ta tabbatar. Yayyena ɗalibanta, ku da kuke da hotuna, ku zo gida kafin Asabar ku nuna mini gurbinsa. Sauran kuma zan shafa muku ɗaya bayan ɗaya, kuna rubutawa.

Mun gode da kuka zo, mun gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sa ta huta. Ni ma ya yafe mini amsar da na ba ta.

Baffa, taka nake jira.