Alherin Benen da Ba a Gina Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Muhammadu Lawal. Ranka ya daɗe wakilin hakimi. Dagatai da masu unguwanni. Malamanmu da limamanmu. Baƙonmu Injiniya Jalaluddeen, wakilin kamfanin da ya zo mana da sabon zane. Iyayenmu mata da ke zaune can baya. 'Yan'uwa da suka taso daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne Kashim Zarami, mai sayar da hatsi, kuma ina godiya da aka ba ni dama in yi magana a madadin 'yan kasuwa. An tara mu yau domin mu ɗaga hannu: a rushe rumfunan masu fura da nono na bakin tasha a gina bene hawa talatin, ko a bar su. An ja mini kunne kada in zo da suka, to ban zo da ita ba. Yabo na kawo. Zan yabi benaye biyun nan da aka zana mana a baya, waɗanda har yau Allah bai sa an gina ba, wato mai kama da zangarniyar gero, da kuma na gilashi mai siffar ƙwarya a kife.

Alherinsu na farko shi ne ƙarko. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, ba su tsage ba, ba su yi yoyo ba, ko ɗan akuya bai taɓa faɗowa daga samansu ba. Ni zaurena duk shekara sai an yi masa yaɓe. Su kuwa suna nan sababbi ƙal a jikin allo, yadda mai fenti ya bar su.

Na biyu, ba su wahalar da kowa ba. Lokacin zanen farko wani dattijo ya tambayi mai zanen, ya ce, "Yallaɓai, in an ɗauke wuta, wane ɗan garuwa ne zai kai ruwa hawa na ashirin?" Mai zanen ya ce za a duba. Har yau ana dubawa, kuma har yau babu ɗan garuwar da bayansa ya karye.

Na uku, kuma shi ne babba, benayen nan suna da kunya. A garin nan, ko kwanon ɗakinsa mutum zai hau ya gyara, sai ya aika gidajen maƙwabta a ce za a hau sama, domin iyali su kintsa. To wa zai aika wa gari guda sanarwa, safe da yamma, ranar da aka dasa mana tagogi a saman kowane tsakar gida da kowane makewayi mara rufi? Masu zanen ba su san da wannan ba, domin ba su tambaya ba. Benayen sun fi su sanin ya kamata, suka ƙi tashi.

Sai dai jama'a, aibinsu guda ne: ginin na takarda ne, rusau ɗin na gaske. Domin na farko aka sare tsamiyoyin da muke shanya hatsi kusa da su muna hutawa a inuwarsu. Domin na biyu aka kori 'yan kara zuwa bayan gari, masu sayen dabbobi suka canza kasuwa. An yanka sa, an ɗauki hoto, an aza bulo, aka watse. Ku je ku ga filayen yanzu, tumfafiya ta fi ni tsawo, ramin harsashin kuma ya zama gidan sauro. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Don haka shawarata ita ce mu karɓi zanen Injiniya hannu biyu-biyu, mu rataye shi kusa da yayyensa, ya yi irin alherin da suka yi. In kuwa da gaske ne za a gina, ga filaye biyu can an riga an share. Amma kada a zare ko dirka ɗaya daga rumfunan bayin Allahn nan.

Da zan shigo, Adda, shugabar masu nono, wadda take zuwa tun daga rugarsu ta wajen Yankwashi, ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Malam Kashim, ni ban san bene ba. Ka tambayar mini su kawai, in kwantar da nonon gobe ko in bari?" Amsar tana hannuwan da za ku ɗaga yanzu.

Allah ya ja zamanin shugabanninmu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da rushe abin da ke hannu saboda abin da ke jikin allo, ya mai da kowa gida lafiya. Adda tana jira a ƙofa.

Na gode.