Jitar da Ta Ƙi Sayuwa

A tashar jirgin ruwa ta Mokpo, tsoho Deok-su na zaune rungume da jitarsa mai tsada, kusa da wata mai gasa dankali.

"Baba, wa kake jira?" in ji ta.

"Mai saye. A intanet na tallata ta. Ba na aikawa, sai mutum ya zo ya kaɗa a gabana. 'Yan damfara sun yi yawa."

"Ai saurayin ɗazu ya kaɗa, har na ƙona dankalina."

"Ya iya," in ji shi, idonsa na kan teku. "Kamar ni, kafin yatsuna su sandare."

"To, me ya hana cinikin?"

"Gobe wani zai zo."

Ta yi murmushi. "Ashe kai ne ɗan damfarar, Baba. Kiɗa kake sha kyauta."