Ku Mayar Masa da Tarinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, manyan baƙi da ke kan dogon tebur, manajan kamfanin da ya fitar da wannan waƙa, wakilin masana'antar niƙa dutse da ta ɗauki nauyin zaman nan, 'yan jarida, Inna mahaifiyar marigayi, iyayena da 'yan'uwana maza da mata, da ku ma'aikatan masana'antar da aka bari tsaye a bakin ƙofa wai kujeru sun ƙare, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar. An rubuto mini abin da zan karanta, ga takardar nan a hannuna, yabo ne zalla, kuma ba zan karanta ta ba. Ni ne mai haɗa sauti. A ɗan ɗakina mai kwalin ƙwai manne a bango don tare ƙara marigayi ya ɗauki waƙoƙinsa na rap har shekara shida. Maganata uku ce.

Ta farko, ku san wanda kuka taru dominsa. Muna kiransa Dogon Numfashi, saboda yakan jero layi goma sha shida bai ja iska ba. Da safe yana gindin injin niƙa dutse na masana'antar nan, da la'asar ya shigo mini fari fat tun daga gira har takalmi. Nakan ce masa, "Malam, karkaɗe jikinka a waje, kada ka kashe mini na'ura." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, taka na'urar kake ji. Tawa ta cikin ƙirji wa zai karkaɗe ta?" Ni kuwa na ɗauka barkwanci ne. Shekara shida ba a ba shi takunkumin rufe hanci ba, shekara shida ba a yayyafa ruwa a bakin injin nan ba, shekara shida tsumma yake ɗaurawa a hanci.

Ta biyu, ku san yadda aka ɗauki waƙar nan. Saura wata biyu ya rasu. Mutumin da ke jero goma sha shida ya koma layi uku ma sai ya dafa bango. Sau goma sha ɗaya tari ya sarƙe shi a gaban makirfo, ina ƙirgawa, domin aikina ke nan. Da muka gama na ce, "Kada ka damu, zan goge tarin, ba wanda zai gane." Sai ya kama hannuna ya ɗauke daga kan na'ura, ya ce, "Yaya, ka bar shi. Duk abin da na faɗa za su ce sharri ne. Wannan kuwa ba su da amsarsa. In ka goge, ban yafe ba."

Ta uku, ku san abin da aka saka muku ɗazu. Bayan rasuwarsa manaja ya zo har ɗakina ya yi alkawarin duniya za ta ji shi. Na yarda, na ba shi waƙar da hannuna, kuma wannan laifina ne, ina kwana da shi ina tashi da shi. To yau me kuka ji? Kun ji murya sumul kamar ta mai ƙoshin lafiya. Tari goma sha ɗaya, ko ɗaya bai tsira ba. Baiti na uku, inda yake cewa:

"Farin da ke girata ba hoda ba ce,
dutsen gidanku ne, a ƙirjina ya kwanta,"

an sare shi ɗungurungum. A gurbinsa aka zuba kiɗan rawa, har na hango wasu a kan dogon tebur suna rausaya kai. Da na tambayi manaja, sai ya ce, "Haba Injiniya, tari ba ya shiga rediyo. Tsabtace ta muka yi."

Tsabtacewa! Jama'a, raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Ba a tsabtace masa iskar da yake shaƙa yana raye ba, sai da ya mutu aka tashi tsabtace masa murya. An hana shi numfashi a wurin aiki, yanzu kuma an hana shi tari a waƙarsa. Wane irin girmamawa ne wannan? An kawo wa Inna allon yabo mai ruwan gwal. Ta rataye shi a ina, a kan gadon da ya kwanta yana haki?

Gobe da ƙarfe bakwai na safe, mutum sittin za su shiga gindin injin nan da tsumma a hanci. Ga wasunsu can a bakin ƙofa, ku waiwaya ku dubi girarsu. Domin su ya tsaya a gaban makirfo yana dafe da bango. Wakilin masana'anta, ka kai saƙo: a ba su takunkumi, a ja ruwa zuwa bakin injin, a kai su asibiti a duba musu ƙirji. Manaja, ka janye wannan ka fitar da tasa yadda ya bar ta.

Asalin waƙar tana cikin wayata, kuma na riga na jona ta da lasifikar zauren nan. Da na sauka za ta fara, minti huɗu ce. Soket ɗin yana bayan kujerar shugaban taro. Wanda bai so a ji, ya tashi a gaban Inna ya zare da hannunsa.

Allah Ya jiƙan ɗan'uwana, Ya sa cutar da ya sha ta zama kaffara. Allah Ya ba Inna haƙuri. Allah Ya tsare ƙirjin waɗanda za su shiga aiki gobe, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Mu kuma da muke zaune, Allah Ya ba mu ƙarfin halin saurara har ƙarshe.

Na gode.