Jirgin da Ya Biyo Ni Gona

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ne Bitrus na Karare, wanda kuka sha gani yana gudu a gona ba mai korarsa.

Da ƙuruciyata na bar gida na shiga aikin reluwe, ina zuba wa jirgin ƙasa gawayi. Direbana Malam Audu, dattijo ne mai raha. Kafin kowace tasha akwai dogon ƙarfe mai hannu. In hannun na miƙe a tsaya, in ya sauka a wuce. Da doguwar wayar ƙarfe ake jan hannun daga tasha.

Wata ranar kasuwa, wani bawan Allah ya rasa turke, ya ɗaure jakinsa a wayar nan. Jaki ya ja, hannu ya sauka rabi. Malam Audu ya ce, "An ba mu hanya, Bitrus." Ashe jirgin kaya na tsaye a gabanmu, muka afka masa.

Wayyo! Ni aka zaro da rai. Shi ba a zaro shi da rai ba.

Daga baya aka killace wayar, aka kafa doka: hannun da bai sauka duka ba, tsayawa ake. Ni kuwa na dawo gida, jirgin ya biyo ni.

Kun san babu layin dogo a nan ƙasarmu ta Batsari. Amma da rana tsaka, ina cikin gero, sai in ji ƙasa na rawa. In ga mutum-mutumin gonata yana sauke hannu a hankali, babu iska. Sai muryar nan a bayan kunnena: "An ba mu hanya, Bitrus." Na san lahira take kirana. Na yar da fartanya, ciyawa ta cinye gona, 'ya'yana suka fara kwana da yunwa.

Matata Ladi ce ta ja ni har tsakiyar gonar, muka durƙusa. Muryar ta zo. Ladi ba ta ji ba, amma ta ga na zabura zan gudu. Ta riƙe ni gam ta ce, "Maigida, amsa masa!"

Na ce, "Malam Audu, sauka lafiya. Ni Yesu ya ce in tsaya."

Muryar ta ɗauke, ba ta ƙara dawowa ba. Sai kukan kurciya.

Bana da hannuna na yanke geron nan. Na gode wa Ubangiji! Ɗan'uwa, in wata murya ta ce maka wuce, tsaya ka tambayi Yesu tukuna. Amin.